Tarihin Gayyar Hoton Ƙirji

Mutanen ƙasar nan sun daɗe da sanin tarin fuka, suna kuwa tsoronsa ƙwarai, gama ciwo ne mai cin mutum a ɓoye kamar gara, har ya rame ya fara tofar da jini. A 1882 wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya gano ƙwayar da ke kawo shi, a 1895 kuma wani ɗan ƙasarsu, Röntgen, ya gano hasken nan da ke ratsa nama ya nuna abin da ke ciki. Amma hoton da tsada, sai wanda ciwo ya riga ya kayar ake yi wa. Sai a 1936 Manuel de Abreu, likita a Brazil, ya fito da dabarar ɗaukarsa a ɗan ƙanƙanen fim mai araha, yadda za a jera mutanen gari guda a ɗauke su bi da bi.

Gayyar da ta fi shahara ita ce ta Gilasgo, wani babban birni na Birtaniya, a 1957. Aka kawo motocin hoto 37, cikin mako 5 aka ɗauki mutum fiye da 700,000, watau wajen kashi uku cikin huɗu na manyan garin, aka sami fiye da 2,000 da ciwon. Asirin abin kuwa shi ne dubban mutanen gari da suka bi gida gida suna lallashin maƙwabtansu, ga kuma kyaututtuka da aka sa, har da mota. Lokacin an riga an sami magani, saboda haka wanda aka gano yana da dalilin murna. Da ciwon ya ragu a Turai, sai wahala ta fi riba, har a 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar ɗaukar kowa da kowa, a koma duba majinar masu tari.

Tara jama'a don likita ba baƙon abu ba ne a Arewa. Tun 1931 ma'aikatan ciwon barci ke bin ƙauyuka suna laluben wuyan mutane don neman kaluluwa, a 1937 kuma aka yi doka ta tilasta fitowa. Likita na da allura, amma hakimi da dagaci da mai unguwa su ke da mutane, su ke sa a yi shela, su suka san wanda ya fito da wanda ya sulale. Duk wanda ya san ƙasar Guri da fadamar kogin Haɗejia ya san wuyar wannan aiki, inda masunci ke bin ruwa, manomi na bin shinkafarsa, damina kuma ta yanke hanya.

A 2012 Nijeriya ta yi binciken tarin fuka na ƙasa baki ɗaya, karo na farko, da na'urar hoto mai yawo, a wurare 70. Aka duba mutum 44,186 masu shekara 15 zuwa sama, aka tabbatar da ciwon a jikin 144. Da aka yi lissafi sai ya kama 524 cikin kowace 100,000 ta manya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ninka ƙiyasinta na masu fama da shi a ƙasar.

To, amma cikin waɗanda aka rubuta sunansu don a duba, kashi 57 cikin ɗari kaɗai suka zo, babu doka a bayansu irin ta 1937, babu kuma taron masu lallashi irin na Gilasgo. Maza suka fi ƙin fitowa, sun tafi kasuwa da gona, alhali kuwa binciken ya nuna ciwon ya ninka a cikinsu bisa ga mata.