Dajin Zamfara da Tarihin Iyakokinsa

Matafiyin da ya taso daga Ƙaura Namoda ya bi ta Zurmi zuwa Gurbin Ɓore, kan hanyar Jibiya, yana ratsa yankin da aka daɗe ana gwajin wata tambaya a cikinsa: mutum nawa da dabba nawa ƙasa ɗaya za ta iya ɗauka ba tare da ta gaji ba?

Tambayar ta girmi zuwan Turawa. A Daular Usmaniyya akwai hurumi da burtali da mashaya, wuraren da ba a yarda a sa musu fartanya ba, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu kan hukuncin raya matacciyar ƙasa da keɓe makiyaya. Kafin 1920 Turawa suka keɓe Dajin Zamfara, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,000, suka bar ƙauyuka huɗu su ci gaba da noma a cikinsa: Dumburum, Shamushalle, Tsabre da Aja. A 1929 jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda, gyaɗa da auduga suka zama kuɗi, gona ta ƙara daraja. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo, dajin ya kasance cikin manyan makiyayun da aka tanada.

Sai dai abin da ya riƙe zaman lafiya ya wuce takardar doka. Bayan girbi, manomi kan gayyaci makiyayi ya sauka a gonarsa. Shanu su ci kara da harawa, su bar taki, mai gona ya ba da dammunan gero. Ƙasa na samun abin da aka ɗebe mata, kowa kuma na da dalilin son maƙwabcinsa ya wanzu.

Wannan ma'auni ya karkace sannu a hankali. Farin 1973 da na 1984 sun tura garkuna daga Nijar zuwa kudu. Takin zamani ya rage buƙatar manomi ga shanun wani, kara da harawa suka zama hajar kasuwa. Jama'a ta yawaita, har ƙidayar 2006 ta nuna mutum fiye da miliyan uku a Jihar Zamfara. Bayan 1999 aka yanka filaye daga makiyaya ana rabawa, burtaloli suka ƙuntata. Manomin da ya shiga daji yunwa ce ta kai shi, makiyayin da ya ratsa gona hanya ce ta toshe masa. Da rashin adalci a shari'a da yawaitar bindigogi suka haɗu da wannan, sunan Dumburum ya koma na maɓoyar 'yan bindiga.

A 2009 Elinor Ostrom ta sami kyautar Nobel saboda nuna cewa dukiyar gamayya tana ɗorewa ne idan iyakarta a bayyane take, masu amfani da ita suna da hannu a dokarta, kuma akwai wurin sasanci mai sauƙin kai. Zurmi da Shinkafi sun taɓa mallakar kaso mai yawa na waɗannan. Duk ranar da tsaro ya dawo, aikin da ke jiran hukuma da sarakuna shi ne sake shata burtali da mashaya, manomi da makiyayi na tsaye a wurin.