Sixto Rodriguez: Mawaƙin da ya shahara shekara da shekaru bai sani ba

Sixto Diaz Rodriguez (1942 zuwa 2023) mawaƙi ne kuma makaɗin jita ɗan ƙasar Amurka, wanda ya fitar da kundin waƙoƙi biyu a farkon shekarun 1970, aka ƙi saye a ƙasarsa, ya haƙura ya koma leburanci. A daidai lokacin da yake ɗaukar kayan rusau a birnin Detroit, faya-fayansa na shiga gida-gida a Afirka ta Kudu, inda masoyansa suka daɗe da ɗauka cewa ya mutu. Tarihinsa na daga cikin misalan da ake yawan kawowa kan yadda baiwa da suna da kuɗi ke iya rabuwa, kowanne ya kama hanyarsa.

Salon kiɗansa

Kiɗan rock ya samo asali ne a Amurka cikin shekarun 1950, daga kaɗe-kaɗen baƙaƙen fata irin su blues, haɗe da na mutanen karkara. Ginshiƙansa su ne jita mai amfani da lantarki, da ganguna, da muryar mawaƙi. Irin su Chuck Berry da Elvis Presley suka fito da shi, sannan ƙungiyar Beatles ta Ingila ta yaɗa shi duniya. Matasa masu ɗimbin yawa sun sayi jita a wancan zamani da burin su ma wata rana a ji su, amma ƙalilan ne suka kai gaci.

Rodriguez ya bi reshen da Bob Dylan ya yi fice a kansa, inda kalmomi suka fi kiɗa nauyi. Waƙoƙinsa suna magana ne kan talauci, da shaye-shaye, da cin hanci, da ƙuncin ma'aikatan birni.

Asali da tasowa

An haife shi ranar 10 ga Yuli, 1942, a Detroit da ke jihar Michigan, cibiyar ƙera motoci ta Amurka. Iyayensa talakawa ne 'yan asalin Meziko, kuma an raɗa masa suna Sixto ne saboda shi ne ɗa na shida. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara uku.

Ya fara kiɗa a ƙananan mashaya na birnin. A 1967 ya fitar da waƙarsa ta farko a wani ƙaramin kamfani mai suna Impact, inda aka sauya masa suna zuwa Rod Riguez. Waƙar ba ta je ko'ina ba. Daga baya wasu masu shirya waƙa biyu, Mike Theodore da Dennis Coffey, suka gan shi yana wasa a wata mashaya kusa da kogin Detroit. An ruwaito cewa yakan juya wa 'yan kallo baya idan yana waƙa, ɗabi'ar da ba ta taimaki mai neman kasuwa ba.

Kundi biyu da suka yi kwantai

Kundinsa na farko, Cold Fact, ya fito a 1970 a ƙarƙashin kamfanin Sussex na Clarence Avant. A cikinsa ne waƙar Sugar Man take, wadda daga baya ta zama tambarinsa. Na biyu, Coming from Reality, an naɗe shi a Landan tare da Steve Rowland, ya fito a 1971. Waɗanda suka yi aiki da shi sun sa ran zai zama babban tauraro, amma duka biyun suka yi kwantai a Amurka. Kamfanin ya sallame shi, shi ma kamfanin ya durƙushe a 1975.

Rodriguez ya koma aikin ƙarfi: rusa tsofaffin gine-gine, gyaran gidaje, da aiki a masana'anta. A 1976 ya sayi wani kangon gida a gwanjon gwamnati kan dala 50, ya zauna a cikinsa shekaru masu yawa. Ya yi karatun falsafa a Jami'ar Wayne State, ya sami digiri a 1981. Ya kuma tsaya takara sau da dama, har da ta magajin garin Detroit, bai taɓa ci ba. Yana da 'ya'ya mata uku: Eva, Sandra da Regan.

Ba a ce an manta da shi gaba ɗaya ba. A Ostiraliya faya-fayansa sun sami karɓuwa, har ya je ya yi wasanni a 1979 da 1981. Bayan nan sai ya sake yin shiru.

Farin jini a Afirka ta Kudu

Tun farkon shekarun 1970 Cold Fact ya isa Afirka ta Kudu, wadda ke ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata. Gwamnati na tace littattafai da waƙoƙi, kuma ƙasar ba ta sami talabijin ba sai 1976. A irin wannan yanayi, waƙoƙin da ke ƙalubalantar masu mulki da al'adun da aka gada sun ratsa zukatan matasa, galibinsu fararen fata, har da waɗanda aka tilasta wa aikin soja. Gidan rediyon gwamnati ya hana sa waƙar Sugar Man saboda ambaton miyagun ƙwayoyi, har ma'aikata suka kankare wurinta a jikin faifan domin kada a yi kuskuren sa ta. Hanin ya ƙara mata kwarjini.

An ƙiyasta cewa an sayar da kimanin kwafi rabin miliyan na kundin a ƙasar. An kuma saurare shi a Zimbabuwe da Botswana da New Zealand. Sai dai masu sauraro ba su san komai game da mawaƙin ba, illa hotonsa da ke bangon faifan, yana zaune sanye da hula da baƙin tabarau. Da labari ya yi ƙaranci, jita-jita ta cike gurbin. Wasu suka ce ya harbe kansa a kan dandamali, wasu suka ce wuta ya cinna wa kansa, wasu kuma suka ce ƙwaya ce ta yi ajalinsa.

Neman kabari, samun mai rai

Mutum biyu ne ƙaunar waƙoƙin ta hana sukuni. Na farko shi ne Stephen Segerman, wanda abokai ke kira Sugar, na biyu kuma ɗan jarida Craig Bartholomew Strydom. Manufarsu ita ce gano yadda mawaƙin ya mutu. Strydom ya bi sawun kuɗin cinikin faya-fayan, ya kuma lura da sunan garin Dearborn, maƙwabcin Detroit, a cikin wata waƙa. Wannan ya kai shi ga Mike Theodore a 1997, wanda ya shaida masa cewa Rodriguez na nan da ransa. A wannan tsakani ne Eva ta ci karo da shafin intanet da aka buɗe domin cigiyar mahaifinta, ta tuntuɓe su.

A watan Maris na 1998 Rodriguez ya sauka a Afirka ta Kudu yana da shekara 55. Ya yi wasanni shida, na farkon a Cape Town, gaban dubban mutanen da suka haddace waƙoƙinsa tun suna samari. Da ya gama, ya koma Detroit ya ci gaba da aikinsa.

Fim da lambar yabo

Kamfanin Light in the Attic ya sake fitar da kundin biyu a Amurka a 2008 da 2009. Amma abin da ya sanar da duniya shi ne fim ɗin Searching for Sugar Man na 2012, wanda wani ɗan ƙasar Suwidin, Malik Bendjelloul, ya shirya. Shi ma ya sha wahala kafin ya kammala, domin kuɗi sun ƙare masa har ya ɗauki wasu sassan da wayar hannu. Fim ɗin ya lashe kyautar Oscar a 2013. Rodriguez bai halarci bikin ba, domin kada ya janye hankalin jama'a daga masu aikin. Bendjelloul ya kashe kansa a watan Mayu na 2014, yana da shekara 36, bayan fama da ciwon damuwa.

Masu sharhi sun soki fim ɗin da cewa ya tsallake nasarar Ostiraliya domin labarin ya fi daɗi. Duk da haka, ya buɗe wa Rodriguez ƙofofin da suka rufe shekara arba'in. Yana da shekara 70 ya hau manyan dandamali irin su Glastonbury a Ingila da Coachella a Amurka, kuma jami'arsa ta ba shi digirin girmamawa a 2013.

Ina kuɗin suka tafi?

Bisa al'ada, kowane faifai da aka sayar, akwai kason mawaƙi da na marubucin waƙa. Kason yakan bi ta hannun kamfanin da ya sayar, zuwa kamfanin da ya mallaki faifan, kafin ya kai ga mai shi. Kamfanonin Afirka ta Kudu sun ce sun aika da nasu biyan zuwa Amurka, Rodriguez kuwa ya shafe shekaru ba abin da ya shiga hannunsa. Wani abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne, a bangon Cold Fact an danganta yawancin waƙoƙin ga wasu sunaye, har da na ɗan'uwansa Jesus Rodriguez. A 2014 wani kamfanin da ya taɓa ƙulla yarjejeniya da shi ya shigar da ƙara kotu kan haƙƙin mallakar waƙoƙin.

Ko mai ƙaramin shago ya san cewa kaya na iya karɓuwa a kasuwa mai nisa, amma idan littafin lissafi na hannun wani, wahalalle yana gefe mai rabo ya ɗauka. Abin da ya raba Rodriguez da burinsa ba rashin masu saye ba ne. Masu sayen suna nan tun farko, babu dai wanda ya sanar da shi.

Ƙarshen rayuwa

Kuɗin da ya samu daga baya, an ruwaito cewa ya rabar da mafi yawansu ga iyali da abokai, ya ci gaba da zama a gidan nan na dala 50. Ciwon ido ya raunana ganinsa, har sai an riƙe hannunsa zuwa dandamali. Bai sake fitar da sabon kundin da aka naɗa a ɗakin naɗar waƙa ba bayan na 1971. Ya rasu a Detroit ranar 8 ga Agusta, 2023, yana da shekara 81.