Dillalin Banki Ba Dillalinka Ba Ne

Bayan durƙushewar bankin Lehman Brothers a watan Satumba na 2008, bankunan Amurka sun ƙwace miliyoyin gidaje daga waɗanda bashi ya fi ƙarfinsu, suka damƙa wa dillalai su sayar. Masu saye da yawa sun ɗauka dillalin yana tsakiya ne, alhali amanar banki ce a wuyansa. Gidan kuwa yadda yake ake sayar da shi, ko rufi na yoyo, kuma mai tsabar kuɗi a hannu yakan sha gaban wanda ya fi shi tayi amma yake jiran lamuni.

Wani zai ce ai la'adar dillali ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, don haka dole ya kyautata wa mai saye. Sai dai mai saye sau ɗaya yake zuwa, banki kuwa gobe ma zai kawo wasu gidajen. A 2010 ma aka gano ma'aikatan bankuna suna rattaba hannu a takardun ƙwace gidaje ba tare da sun karanta ba, abin da ya kai manyan bankuna biyar ga sulhun dala biliyan 25 a 2012. Duk mai taya irin wannan gida, ya nemi nasa dillalin da lauyan da zai tantance takardu.