Zane, Kanun Labari da Fushin Mai Karatu: Darasi daga 2008 da 2024

Ɗalibin adabin baka ya san bambancin zambo da habaici. Mai zambo yakan kama suna ya muzanta mutum a fili, mai habaici kuwa sai ya sakaya, ya bar wa mai sauraro aikin gano wanda ake nufi. Wannan hikima sananniya ce duk inda Bahaushe yake, tun daga Kano har ƙauyukan Hausawa na Managil da Mai Wurno a Sudan. Zanen barkwanci na jarida ya fi kusa da habaici, domin mai karatu ne ke ƙarasa ma'anarsa. Shi ya sa tarihin irin wannan zane ba ya cika sai an haɗa da martanin waɗanda suka gan shi, musamman a kan batu mai zafi kamar auren jinsi.

Fitaccen misali a Afirka ya faru ne a Afirka ta Kudu, ƙasar da ta halatta auren jinsi a 2006. Ranar 20 ga Yuli, 2008, jaridar Sunday Sun ta buga sharhin Jon Qwelane, inda ya soki masu neman jinsi ɗaya, ya kuma nemi a gyara tsarin mulki. A gefen sharhin aka sa zanen wani mutum ana ɗaura masa aure da akuya a gaban limamin coci. Ba Qwelane ya yi zanen ba, amma masu karatu suka ɗauki rubutun da zanen a matsayin magana guda. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta ƙasar ta karɓi ƙorafi kusan 350, mai sauraron koke-koke kan jaridu kuma ya umarci jaridar ta nemi afuwa.

Maganar ba ta tsaya nan ba. A 2017 wata kotu ta ce sharhin kalaman ƙiyayya ne, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2019, sannan a Yulin 2021 Kotun Tsarin Mulki ta tabbatar da cewa kalaman ƙiyayya ne. A lokacin Qwelane ya riga ya mutu, tun Disambar 2020. Takardun koken masu karatu sun haifar da shari'ar da ta kai shekara 13, har ta sa aka sake fayyace iyakar 'yancin faɗin albarkacin baki a dokar ƙasar.

A Nijeriya doka da ra'ayin jama'a sun sha bamban da na can. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14, ga kuma dokokin Shari'a da jihohin Arewa suka kafa tun daga 2000. Saboda haka a nan fushin mai karatu yakan faɗa ne kan wanda ake zargi da kawo abin, kamar yadda aka gani a rikicin Yarjejeniyar Samoa.

Yarjejeniyar tsakanin Tarayyar Turai ce da ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik, Nijeriya kuma ta sa hannu ranar 28 ga Yuni, 2024. Ranar 4 ga Yuli jaridar Daily Trust, 'yar'uwar Aminiya, ta buga a shafin farko cewa yarjejeniyar ta dala biliyan 150 ce, kuma tana tilasta goyon bayan auren jinsi. Kanun labarin ya yi aikin da zane kan yi: an gan shi, an yaɗa hotonsa a Facebook da WhatsApp, kaɗan ne suka nemi matanin yarjejeniyar. Malamai suka yi huɗubobi, Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da aiki da ita a yi bincike. Ministoci Atiku Bagudu da Mohammed Idris suka musanta zargin, gwamnati ta kai ƙara gaban hukumar sauraron koke-koke kan kafofin labarai. A Satumba hukumar ta ce rahoton ba daidai ba ne, a farkon Oktoba jaridar ta nemi afuwa.

Sai dai magana zarar bunu ce. Tsakanin Yuli da Oktoba an ruwaito barazana ga mutanen da aka riƙa nunawa da yatsa, afuwar kuma ba ta yi nisan da zargin ya yi ba. A nan sanin kalma ke da amfani ga ɗalibi. Luwaɗi da maɗigo sunayen aiki ne, daudu kuwa ɗabi'a ce ta kwaikwayon mata a magana da tafiya, wadda ta daɗe tana tafe da sana'ar sayar da abinci. Binciken Rudolf Gaudio a Kano, wanda ya fito a 2009, ya nuna cewa kalmomin ba abu ɗaya suke nufi ba. Amma idan hankali ya tashi akan cakuɗa su, kuma wanda aka fi gani a kasuwa ko tasha shi ke fara shan wuya.

A ƙasashen biyu masu karatu sun fusata ta fuskoki mabambanta, amma a ƙarshe hukuma ce ta zauna ta karanta abin da aka buga kalma bayan kalma. Wanda zai nazarci zane ko kanun labari a jaridun Hausa yana bukatar irin wannan natsuwa, ya tantance abin da shafin ya faɗa, da abin da ya sakaya, da wanda ma'anar za ta faɗa wa idan ta bar hannun edita.