Quanjude, Gidan Gasasshiyar Agwagwa na Beijing

Quanjude gidan cin abinci ne na alfarma a birnin Beijing na ƙasar Sin, wanda ya yi suna da gasasshiyar agwagwa. An kafa shi a shekarar 1864, zamanin daular Qing. Wanda ya kafa shi, Yang Quanren, mutumin Hebei ne da ya shigo birnin yana sayar da kaji da agwagi a unguwar Qianmen. Da ya tara jari, sai ya sayi wani shagon busassun 'ya'yan itatuwa da ya karye, ya mayar da shi wurin gashi.

Ba shi ya fara wannan sana'a a birnin ba, don gidan Bianyifang ya riga shi, yana gashi a rufaffen tanderu. Abin da ya fito da Quanjude shi ne tanderu marar ƙofa, irin na masu dafa abincin fada. Ana hura iska tsakanin fatar agwagwar da tsokarta, a kwarara mata tafasasshen ruwa, a shafe ta da ruwan zaƙi, a shanya. Daga nan sai a rataye ta a ƙugiya a kan wutar itacen magarya ko makamancinsa, mai gashi yana juya ta da doguwar sanda har fatar ta yi ja ta yi ƙaras-ƙaras. A gaban baƙo ake yayyanka ta, ya naɗe a siririyar gurasa da albasa mai ganye da miya.

Bayan kafuwar gwamnatin kwaminis, hukuma ta shiga cikin mallakar gidan a 1952. Firaminista Zhou Enlai ya sha karrama manyan baƙin ƙasashen waje da agwagwarsa. Duk da haka, a lokacin Juyin Juya Halin Al'adu na 1966 an cire allon sunansa, sai bayan shekaru aka mayar. A 1979 aka buɗe katafaren reshen Hepingmen, a 2007 kuma kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Shenzhen.

Yawan rassa bai zame masa alheri zalla ba. Mazauna Beijing da dama sun koma gidaje irin su Da Dong da Siji Minfu, suna cewa Quanjude ya yi tsada kuma ya zama na 'yan yawon buɗe ido. A 2020, ga annobar korona ga asara, dole ya rage farashi ya kuma soke kuɗin hidima da yake ɗora wa masu cin abinci.