SARAUNIYA MANGU TA LUGU: MAƘWABCIYAR DA MUKA MANTA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ya ku 'yan uwa 'yan Ambursa mazauna birane, mu da muka tsufa da alli a hannu muna da wani bashi a wuyanmu. Shekara da shekaru muna koya muku labarin Amina ta Zazzau, amma ba mu taɓa ambata muku Sarauniya Mangu ba, alhali garinta Lugu ya fi Zariya kusa da ƙofar gidanmu.

Lugu na cikin ƙasar Arewa, a yankin Dogon Dutsi, Jamhuriyar Nijar. Arawan can da na Kangiwa dangi ne, iyakar da Ingila da Faransa suka shata ce ta raba su.

A shekarar 1898 Faransa ta tura wata runduna ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, domin ta kai Tafkin Chadi. Duk inda suka ratsa sai ƙone garuruwa, da kwashe hatsi, da kama mutane a ɗora musu kaya. Garuruwa da yawa sun watse tun kafin isowarsu, wasu kuma suka miƙa wuya. Da suka iso Lugu a watan Afrilu na 1899, sai Sarauniya ta ƙi. Mutanenta suka tare su da kwari da baka, da wuta ta yi tsanani suka shige kurmi suka ci gaba da harbi daga ciki. An ƙone garin, amma rundunar ta yi asarar mutane, kuma ba ta kama Sarauniya ba.

Azzaluman suka wuce suka yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. A watan Yuli na wannan shekara sojojinsu da kansu suka harbe su a ƙasar Tasawa. Lugu kuwa ta sake tashi, sarautar Sarauniya ta ci gaba.

Mun san wani zai ce ai Azna ce, ba Musulma ba. Gaskiya ne, kuma ba addininta muke yabo ba. Tsayuwarta muke tunawa, ranar da maza masu dawaki suka ja da baya.

Abin kunyar shi ne daga waje muka ji labarinta. Abdullahi Mamani na Nijar ya rubuta littafi a kanta da Faransanci a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya ya mayar da shi fim a 1986.

Don haka muna roƙonku, duk wanda ya zo gida hutun Salla ya zauna gaban tsofaffi, musamman mata, ya rubuta abin da suka ji daga kakanninsu na zuwan Nasara, ya miƙa wa ƙungiya. Da yawa daga waɗanda ya kamata mu tambaya mun riga mun raka su makwanci.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.