Mai sana'ar kansa da kuɗin fansho

Idan sana'ar kanka kake yi, babu mai zuba maka kuɗin fansho. A Nijar, asusun CNSS na ma'aikata masu albashi ne. Amma idan ka taɓa yin aikin albashi da rajistarka, kana iya neman ci gaba da zubi da kanka.

Idan ka ɗauki ma'aikaci, wajibi ne ka yi masa rajista. A albashin jika 100, za ka cire jika 5 da dala 50, ka ƙara jika 6 da dala 50 daga aljihunka. Wannan kason fanshonsa ne kaɗai.

Kai kuma, riƙa ware wani abu daga ribarka kowace ranar kasuwa, domin tsufa ba ya sallama.